SABON MALAMIN SAKANDARE: DABARUN KOYARWA DA KAYAN AIKI

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa, iyaye da matasanmu da suka fara aikin malanta

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro da suka ba ni zarafin yin magana a kan abin da ya shafi kowane gida a cikinmu, wato makaranta da malamin da ke cikinta.

GABATARWA

Wataƙila wani dattijo zai ce, me ya haɗa ni da dabarun koyarwa, ni da ban taɓa riƙe alli ba? Baba, abin ya shafe ka ta fuska biyu. Ta farko, yawancin 'ya'yanmu da suka gama NCE ko digiri, aikin da suke fara samu shi ne koyarwa, ko a makarantar gwamnati, ko ta kuɗi, ko ta Ikkilisiya. Waɗansunsu ma ba su karanta fannin koyarwa ba, bautar ƙasa ce ta kai su aji, gama tun da aka kafa shirin a 1973 ake tura matasa makarantu. Ranar da suka isa sai a miƙa musu rajista da kwalin alli, a nuna musu ƙofar aji, shi ke nan. Ta biyu, jikokinka ne ke zaune a gaban irin waɗannan malamai. Yaron da bai sami kiredit 5 ba, har da Turanci, a jarrabawar WAEC ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take a gare shi. Mun san inda irin waɗannan yara suke ƙarewa: namiji ya koma acaɓa, mace a yi mata aure tun ba ta shirya ba.

Muna da gado a wannan aiki. Makarantun Wusasa, inda mishan ta koma daga birnin Zariya a 1929, da na Gindiri da aka fara a 1934, sun yaye likitoci da malamai da shugabanni irin su marigayi Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Amma ajin yau ba irin na wancan zamani ba ne. Shirin UPE na 1976 da na UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 sun kawo yara makaranta da yawan gaske, wannan kuwa abin godiya ne, sai dai azuzuwa da malamai ba su ƙaru daidai da yaran ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma kowa a nan ya san aji mai yara 80 ko fiye.

Abu ɗaya nake so mu tafi gida da shi yau: malami bai koyar ba sai yaro ya koya. Cika allo da rubutu ba koyarwa ba ne. Gama manhaja kafin jarrabawa ma ba shi ne ba. Duk abin da zan faɗa a kan wannan magana ya rataya.

1. MAKON FARKO

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. 'Ya'yana, abin da kuka bari ya wuce a makon farko, da shi za ku zauna har ƙarshen shekara.

Ku koyi sunayen yaran. Ka zana taswirar aji a takarda, ka rubuta sunan kowa a inda yake zama, ka ajiye ta a kan teburinka. Yaron da aka kira da sunansa ya san an gan shi. Wanda ake ce wa "kai, mai jar hula" ya san zai iya ɓuya.

Ku kafa dokoki kaɗan, uku ko huɗu sun isa: yadda ake shiga aji, yadda ake neman izinin magana, abin da kowa zai zo da shi, da abin da zai faru in ba a yi aikin gida ba. Doka guda da kake tsayawa a kanta kullum ta fi goma da ka rubuta a bango ka manta.

Sa'an nan ku gwada yaran kafin ku fara koyarwa. Kada ka ɗauka cewa wanda ke aji ɗaya na babbar sakandare ya iya abin aji uku na ƙarama. Ka ba su tambayoyi 10 masu sauƙi daga azuzuwan baya, ka kuma sa kowane yaro ya karanta maka layi uku daga littafin aji. Ba don maki ba, sai domin ka san inda za ka kafa tsani. Za ka tarar da waɗanda ba su iya raba 84 gida 4 ba, da waɗanda ke haɗa baƙi da ƙyar. Gara ka sani a makon farko da ka sani ranar da sakamako ya fito.

2. SHIRIN DARASI

Da yawa cikin sababbin malamai suna rubuta shirin darasi ne domin mataimakin firinsifal ya sa hannu. Shirin naka ne, ba nasa ba. Kafin ka rubuta kome, ka amsa tambaya ɗaya: in an kaɗa ƙararrawa, me yaran nan za su iya yi wanda ba su iya ba da safe? Kada ka ce "za su san riba da faɗuwa." Ka ce "za su iya lissafa ribar kashi nawa cikin ɗari aka ci in an sayi buhun masara a kan kaza aka sayar a kan kaza." Na farko ba ya gwaduwa, na biyu kuwa tambaya ɗaya ta isa ta nuna maka gaskiya.

Wani masanin ilimi na Amurka, Barak Rosenshine, ya tattara abin da bincike ya nuna game da malaman da ɗalibansu suka fi ci gaba, aka buga shi a taƙaice a 2010. Abin da ya tarar ba baƙo ba ne ga tsofaffin malamanmu: suna fara darasi da bitar na baya, suna kawo sabon abu kaɗan-kaɗan, suna yin misali a gaban yara, suna yawan tambaya, ba su kuma sakin yaro ya yi aiki shi kaɗai sai sun ga ya kama hanya. Ga yadda za ka iya raba minti 40:

Minti 5 na farko, bitar darasin da ya wuce.
Minti 10, bayanin sabon abu da misali biyu a allo, kana faɗin abin da kake tunani a kowane mataki.
Minti 10, ku yi misali tare, kai da su.
Minti 10, kowa ya yi nasa, kai kuma kana zagayawa tsakanin bencina kana duba littattafai.
Minti 5 na ƙarshe, tambaya ɗaya ko biyu da kowa zai amsa a rubuce.

Haka kowane mai sana'a yake koyar da yaronsa. Tela ba ya karanta wa almajirinsa bayanin ɗinki na wata uku. Yakan ɗinka yaro na kallo, sa'an nan ya riƙe masa hannu, daga baya ya ba shi ƙyalle ya ce gwada.

Ina kwafar rubutu ta shiga? Inda babu littattafai dole yara su sami abin da za su karanta a gida, amma a taƙaita shi, a kuma yi shi bayan an fahimci darasi. Malamin da ya ba monita littafinsa ya ce ya kwafe wa aji a allo, shi kuma ya tafi ɗakin malamai hira, ya ci albashin ranar ba da haƙƙi ba.

3. "KUN GANE?"

Babu tambayar da ta fi yaudarar malami kamar wannan. Ka ce "kun gane?" aji duka ya amsa da murya ɗaya cewa ya gane. Mun yi wa yaranmu tarbiyya kada su kunyata babba, saboda haka ba za su ce maka bayaninka bai shiga ba. In kana so ka san ko sun gane, sai ka sa su nuna maka.

Ga hanyoyi huɗu. Ta ɗaya, ka yi tambaya ka yi shiru. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta ɗauki muryoyin malamai a aji a farkon shekarun 1970, ta tarar yawancinsu ba su jira fiye da sakan 1 kafin su amsa da kansu ko su koma kan wani yaro. Da aka koya musu jira na sakan 3 ko fiye, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba su taɓa magana ba suka fara ɗaga hannu. Yaronmu kuwa ya fi bukatar wannan jira, domin yana jin tambaya da Turanci, ya yi tunani da harshen gida, sa'an nan ya mayar da amsa Turanci.

Ta biyu, ka faɗi tambaya tukuna kafin ka kira suna. In ka fara da suna, saura 79 sun huta. Kada kuma ka tsaya kan yara biyar na bencin gaba. Ka rubuta sunayen aji a 'yan guntayen kwali, ka zuba a gwangwani, ka riƙa zarowa. Ka lura musamman da 'yan mata, gama a aji mai haɗe da maza sukan yi shiru ko da sun san amsa.

Ta uku, ka sa su tattauna biyu-biyu na minti ɗaya kafin ka karɓi amsa. Yaron da ke jin tsoron magana a gaban aji ba ya jin tsoron abokin zamansa.

Ta huɗu, ƙaramin allo. Ba sai an sayo ba: guntun falanki da aka shafa wa baƙin fenti, ko bayan littafin rubutu, ya isa. Ka ba da tambaya, kowa ya rubuta amsa da manyan baƙaƙe, ka ƙirga uku, kowa ya ɗaga. A cikin minti ɗaya ka ga tunanin yara 80. In rabin aji ya kuskure, kada ka wuce, ka sake bayani ta wata hanya. Masana biyu na Ingila, Paul Black da Dylan Wiliam, sun nuna a 1998 cewa irin wannan gwaji na yau da kullum, wanda malami ke gyara koyarwarsa da shi, yana ɗaga ƙoƙarin yara, musamman na baya.

In yaro ya kuskure, kada ka bari a yi masa dariya, kai ma kada ka yi. Ka tambaye shi yadda ya kai ga amsar. Sau da yawa kuskurensa shi ne na rabin aji.

4. MAGANIN MANTUWA

Malamai sukan yi kuka cewa sun koyar da abu a zangon farko, zuwa zango na uku kamar ba a taɓa yi ba. Ba taurin kai ba ne, haka aka halicci ƙwaƙwalwa. Tun a 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mutum yakan manta yawancin sabon abu cikin 'yan kwanaki in bai koma kansa ba. Bincike na baya ya ƙara da cewa rufe littafi a yi ƙoƙarin tunowa ya fi sake karantawa amfani.

Saboda haka a minti 5 na farkon kowane darasi ka ba da tambayoyi huɗu, littafi a rufe: biyu daga darasin jiya, ɗaya daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya. Manomi ba ya noma sau ɗaya ya jira kaka, yakan yi noman fari, ya yi maimai, ya yi huɗa. Iyaye mata, ku ma kuna da aiki a nan, ko da ba ku yi boko ba. Ki ce wa yaro, "Rufe littafin, gaya mini da Hausa abin da aka koya muku yau." In ya iya bayyana miki, ya gane.

5. HARSHE

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen gida, a watan Nuwamba na 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta janye wannan tsari ta koma kan Turanci. Ko ma yaya manufa ta juya, jarrabawar sakandare da Turanci ake rubuta ta, yaro kuwa da harshen da ya iya yake fahimta. Gwajin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci ba su koma baya a Turanci ba.

Shawarata ita ce ka mai da harshen gida gada, ba masauki ba. In ka ga bayani ya tsaya, ka warware shi da Hausa ko harshen da yaran suke ji, sa'an nan ka komo Turanci, ka sa su faɗi abin su kuma rubuta shi da Turanci. Kowane darasi ka zaɓi kalmomi 5 masu muhimmanci, ka rubuta a gefen allo. Ka tuna kuma a ajinmu akwai yaran da Hausa ma ba harshen uwarsu ba ne. Daina cin tarar yaro don ya yi yarensu, wannan ba ya koya wa kowa Turanci, shiru kawai yake koyarwa.

Waɗanda ka tarar ba su iya karatu ba fa? Akwai wata hanya da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da ita, an kuma gwada ta a Borno da Kano: a raba yara bisa ga abin da suka iya, ba bisa ga ajinsu ba, a ba su ɗan lokaci kullum a kan baƙaƙe, kalmomi da gajerun labarai. Ka nemi izinin firinsifal ka ware musu minti 30 bayan tashi, sau uku a mako, ba tare da ka tona musu asiri a gaban aji ba.

6. KAYAN AIKI

"Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje." Gaskiya ne, kuma haƙƙin hukuma ne ta samar. Amma kafin ta samar, yaran da ke gabanka za su gama su tafi. Gani ya kori ji. Bari in ba ku misalai daga abin da ke cikin gidajenmu.

A Kemistiri, ruwan zoɓo yana aikin takardar gwaji. Ka zuba shi a kofuna uku. Ka matsa lemun tsami a na farko, zai ƙara ja. Ka zuba ruwan kanwa ko ruwan toka a na biyu, zai rikiɗe ya koma kore mai duhu. Na uku ka bar shi domin kwatanci. Ga asid da kishiyarsa yaro ya gani da idonsa, ya kuma gane cewa abin da mahaifiyarsa ke yi a madafa kimiyya ce.

A Bayoloji, ka fere dankali, ka yanka gida biyu daidai, ka sa ɗaya a ruwan gishiri mai ƙarfi, ɗaya a ruwa zalla. Kafin a tashi na gishiri ya yi laushi, ɗayan ya yi tauri. Ɗigon aidin daga kemis a kan rogo ko koko zai koma shuɗi mai duhu, alamar sitaci ke nan. Wake da jiƙaƙƙiyar auduga a cikin kwalba za su nuna tsiro cikin mako guda.

A Fiziks, ka ɗaure dutse da zare mai tsawon mita 1, ka rataye, ka ɗan tura shi. Yara su ƙirga kai da komowa 20 da agogon waya, za su sami wajen sakan 40. Ka rage tsawon zaren su ga bambanci, ka canja nauyin dutsen su ga babu bambanci. Gwangwanin madara da aka huda ƙaramin rami a gindinsa, aka rufe bakinsa da takarda mai shara-shara, zai nuna musu hoton kyandir a kife.

A Lissafi, kowane yaro ya zo da abu mai da'ira: faifai, murfin tukunya, marfin kwalba. Su auna kewaye da zare, su auna faɗi, su raba. Kowa zai sami kusan 3.14, babba da ƙarami. Igiyar da aka yi wa ƙulli a 3, 4 da 5, wadda magina ke fitar da kusurwar ɗaki da ita, ita ce ƙa'idar Fitagoras. Inuwar sanda da inuwar bishiya za su ba da tsawon bishiya ba tare da an hau ta ba. Karan dawa da yaranmu ke ƙera mota da keji da shi zai ba ka kowace siffa mai kusurwa da ke cikin littafi.

A Labarin Ƙasa, ƙwallo da tocila a ɗaki mai duhu sun isa su bayyana dare da rana da husufi. A Turanci, tsofaffin jaridu da takardar da ke cikin kwalin magani abin karatu ne na gaske.

Sai dai a kula. Kada a sa yaro ya ɗanɗana kome a wurin gwaji, kada a ba shi ruwan batirin mota, kada kuma a bar aji da wuta ko reza babu malami. Kowane gwaji ka fara yinsa a gida kafin ka kai aji.

Wayar da ke aljihunka ma kayan aiki ce. Hukumar NERDC ce ke fitar da manhaja, a 2025 kuma an sake fasalinta aka rage yawan darussa, don haka ka tabbata wadda ke hannunka ita ce ake aiki da ita. WAEC tana sa rahoton manyan masu gyaran jarrabawa a intanet kyauta, inda suke bayyana kurakuran da ɗalibai suka fi yi a kowane fanni. Malamin ajin ƙarshe da bai karanta shi ba yana tafiya ne cikin duhu. Akwai PhET na Jami'ar Kolorado mai nuna gwaje-gwajen kimiyya, da GeoGebra na Lissafi, da Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi da UNICEF suka buɗe a 2022. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya da kwamfuta ake yi, saboda haka kada yaro ya fara taɓa kwamfuta ranar jarrabawa.

Amma kayan aikin da ya fi duka shi ne tsohon malamin da ke makarantarku. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka roƙe shi ka zauna a bayan ajinsa sau ɗaya a mako, ka kuma gayyace shi ya zauna a naka. Wanda bai karanta fannin koyarwa ba ya nemi difloma ta koyarwa, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tana yin ta ga masu aiki, ya kuma yi rajista da TRCN.

7. GYARAN AIKI

Mai aji 5 na yara 80 yana da littattafai 400. In ya ce zai gyara kowanne kowane mako, ko ya kwanta ciwo, ko ya daina ba da aiki gaba ɗaya. Ga mafita: gajerun tambayoyi yara su yi musayar littattafai su gyara a aji kana faɗin amsa. Dogon rubutu ka karɓi layi ɗaya wannan mako, wani layi mako mai zuwa. Ka duba littattafai 15, ka fitar da kurakurai uku da suka fi yawa, ka koyar da su a allo washegari. Jan biro da "2 cikin 10" ba ya gaya wa yaro abin da zai gyara.

8. HORO DA AMANA

Yawancin surutun aji daga rashin abin yi yake fitowa, ko daga darasin da ya fi ƙarfin yaro. Ka shiga kan lokaci, aiki na jiransu a allo, rabin fitina ta mutu. Bulala tana sa yaro shiru, amma ba ta sa shi fahimta. Babban laifi a kai shi ga firinsifal a rubuta. Kada ka hori yaro cikin fushi, kada ka zagi iyayensa, kada ka tura ɗalibai gonarka.

Samari, kada ɗaliba ta zo ɗakinka da sunan kawo littattafai ko yin shara. Duk maganar da za ka yi da ita ka yi ta a fili, inda ake ganinku. Maki kuma ba abin sayarwa ba ne. Satar jarrabawa laifi ne a ƙarƙashin dokar 1999, iyayen da ke biyan kuɗi a cibiyoyin da ake rubuta wa yara amsa su sani takarda suka saya, ba ilimi ba.

Da yawanku kuna koyarwa a garuruwan da mu kaɗan ne. Yaran da ke gabanku amana ce, Musulmi da Kirista. Ku yi musu adalci ɗaya a maki da horo. Ku san lokacin sallar Juma'a, ku sassauta aikin rana a watan azumi. Aji ba wurin gardamar addini ba ne, mun kuwa san abin da kalma ɗaya ta rashin kula takan jawo. Bari aikinku ya yi magana.

9. RABON IKKILISIYA

Iyayena dattawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abubuwa biyar da kowace majami'a za ta iya yi ba tare da jiran kowa ba.

Na ɗaya, a haɗa kowane sabon malami da wani malami mai ritaya, su riƙa zama ko sau ɗaya a wata.
Na biyu, ɗakunan makarantar Lahadi a rufe suke kwana shida. A sa fitilar sola a buɗe su da yamma domin karatu, ga yaran unguwa duka.
Na uku, a ajiye akwatin littattafai. Wanda ya gama sakandare ya kawo nasa da tsofaffin takardun jarrabawa, a rubuta, a riƙa ba da aro.
Na huɗu, nas da magini da makaniki da mai sayar da hatsi da ke cikinmu su yarda malami ya gayyace su aji.
Na biyar, inda makarantar tamu ce, a biya malamai kan lokaci. Bai kamata mu nemi aminci daga wanda muke riƙe wa albashin wata uku ba.

KAMMALAWA

'Ya'yana malamai, ba na ce ku ɗauki duka a rana ɗaya ba. Ranar Litinin ku fara da biyu: bitar minti 5 a farkon darasi, da tambayar da kowa zai amsa a rubuce a ƙarshensa. In sun zauna, ku ƙara wani. Dattawa kuma, ina roƙo kafin zaman majalisa na gaba kowace Ikkilisiya ta rubuta sunayen sababbin malamanta da na tsofaffin da za su riƙe su.

Allah ya ba malamanmu hikima da haƙuri, ya albarkaci 'ya'yanmu. Amin.